Kamfanin Wane Ne? Inda Tantance Masu Kamfanoni a Najeriya Ke Tsayawa

A ranar 24 ga Afrilun 1998 aka yi wa wani kamfani mai suna Malabu Oil and Gas rajista a Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista ta Ƙasa, CAC. Bayan kwana biyar kacal gwamnatin Janar Sani Abacha ta miƙa masa OPL 245, ɗaya daga cikin filayen mai mafi daraja a tekun Najeriya. A takardun rajistar, sunaye uku ne ke riƙe da hannun jari. Rabin kamfanin na wani Mohammed Sani ne, wanda daga baya aka gane Mohammed Abacha ne, ɗan shugaban ƙasa na lokacin. Kashi 30 cikin ɗari kuma na wani Kweku Amafagha ne, mutumin da ba a taɓa ganin fuskarsa ba, don kuwa babu shi. Sunan aro ne, wanda ke laɓe a bayansa kuma shi ne Dan Etete, ministan man fetur ɗin da ya raba filin.

Etete ya shafe shekaru yana cewa shi mai bai wa kamfanin shawara ne kawai. Sai a 2013, a wata shari'a da aka yi a Landan kan kuɗin dillanci, babbar kotu ta bayyana cewa shi ne ainihin mai cin moriyar Malabu. Kafin nan ciniki ya riga ya faɗa. A 2011 Shell da Eni sun biya dala biliyan 1.3 kan filin, kusan biliyan 1.1 daga ciki an ware wa Malabu ne ta wani asusun gwamnatin tarayya. Shari'o'in da suka biyo baya ba su ƙare yadda masu gabatar da ƙara suka so ba, kotun Milan ma ta wanke kamfanonin biyu da sauran waɗanda ake tuhuma a Maris 2021. Wannan maganar kotu ce. Abin da babu gardama a kansa shi ne, ofishin gwamnati ya karɓi sunan wanda ba a haifa ba ya buga masa hatimi, wani ofishin ya danƙa masa arzikin ƙasa, kuma a tsakanin ofisoshin biyu babu ma'aikaci ko ɗaya da aikinsa ne ya tambaya ko mutumin yana numfashi.

Yau ba za a iya maimaita wannan wasan da irin wancan sauƙin ba. A Mayun 2016, wata guda bayan fallasar Takardun Panama, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawari a taron yaƙi da rashawa na Landan cewa Najeriya za ta buɗe rajistar ainihin masu kamfanoni. NEITI, hukumar da ke bin diddigin kuɗin mai da ma'adinai, ta fara da tata a Disamban 2019. A Agustan 2020 aka sa hannu kan sabuwar dokar kamfanoni, CAMA, wadda ta maye gurbin ta 1990. Sashe na 119 ya wajabta wa duk mai iko a kamfani ya sanar da kamfanin cikin kwana bakwai, shi kuma kamfanin ya sanar da CAC cikin wata guda. Ma'aunin ikon shi ne kashi 5 cikin ɗari na hannun jari ko na ƙuri'a, ko ikon naɗawa da tsige mafi yawan daraktoci, ko kuwa mutum ya kasance shi ke juya kamfanin ko da sunansa bai fito ko'ina ba. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai sun tsaya ne a kan kashi 25, don haka a rubuce tamu dokar ta fi tasu tsauri. A Mayun 2023 CAC ta buɗe rajistar a intanet, kowa na iya shiga ya duba kyauta.

Ba don Allah kaɗai aka yi wannan hanzarin ba. A Fabrairun 2023 FATF, hukumar nan ta Paris da ke sa ido kan halasta kuɗin haram, ta saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da take bibiya sosai, kuma batun sanin masu kamfanoni na cikin abubuwan da ta ce a gyara. An cire ƙasar daga jerin a Oktoban 2025. Sharaɗin FATF bai tsaya ga a buɗe rajista ba. Tana so bayanin da ke ciki ya wadatar, ya zama na yanzu, ya kuma zama sahihi. Biyun farko aikin fom ne da tara. Na ukun ne mai wuya, domin rajistar kamfani a ko'ina cikin duniya a kan abu ɗaya aka gina ta: abin da mai kamfanin ya faɗa da bakinsa.

Ingila ta ɗanɗani wannan. Ta buɗe tata rajistar a 2016, amma ofishin rajistarta, Companies House, a lokacin ba shi da hurumin bincikar abin da aka kawo masa, karɓa kawai yake yi ya ajiye. A wancan zamanin, da fam 12 mutum zai buɗe kamfani daga ɗakinsa ba tare da ya nuna katin shaida ba. Masu bincike na ƙungiyar Global Witness da abokan aikinsu da suka fara tona bayanan sun tarar an rubuta ƙasar asalin 'yan Birtaniya ta hanyoyi sama da 500, ga jarirai a jerin masu kamfanoni, ga kamfanonin da suka ce su ne suka mallaki kansu. Wani ɗan kasuwa da abin ya ishe shi ya buɗe kamfani a 2013 da sunan Vince Cable, ministan kasuwanci na lokacin, ba da saninsa ba, sannan ya rubuta masa ya shaida masa, don ya nuna girman ɓarakar. Ya sake yin irin haka a 2016 da sunayen wasu 'yan siyasa. Sakamakon da ya samu shi ne gurfana a kotu a 2018 da biyan sama da fam dubu 12, kuma shi ne mutum na farko da aka taɓa hukuntawa kan wannan laifin. Ɓarayin gaske na can suna harkarsu, wanda ya yi ihu shi aka kama. Sai da dokar 2023 ta zo aka bai wa ofishin ikon tuhumar bayanai, wajabcin tantance daraktoci da masu iko kuwa sai Nuwamban 2025 ya fara aiki.

Ta wannan fuskar Najeriya ta riga Ingila. Wanda zai yi rajista a CAC yanzu sai ya kawo lambar NIN ta daraktoci da masu hannun jari, kuma manhajar hukumar na tuntuɓar rumbun bayanan NIMC ta ga ko suna da ranar haihuwa sun yi daidai da lambar. Tun 2020 lambar haraji ke fitowa a jikin satifiket. Banki ba zai buɗe wa kamfani asusu ba sai da BVN na masu sa hannu, kuma ƙa'idojin Babban Banki sun ɗora wa bankuna nauyin gano ainihin mai kamfanin da ke gabansu. Mutum sama da miliyan 100 ke da NIN. Wani sabon Kweku Amafagha zai sha wuya a ƙofar farko, in dai ya zo a matsayin ɗan ƙasa.

Sai dai wannan ƙofar ta fi tare masu gaskiya. Duk wanda ya taɓa raka dattijo banki a Kano ko Gusau ya san zancen. A NIN Muhammad ne, a BVN Mohammed, a takardar firamare Muhammadu, a gida kuma Mamman. Abubakar ɗin da ke fasfo shi ne Garba a tsohon satifiket ɗin kamfani. Wani da sunan mahaifinsa ya yi rajista a wuri ɗaya, a wani wurin da sunan garinsu, kamar yadda aka saba tun zamanin su Aminu Kano da Shehu Shagari. Mace ta yi BVN da sunan uba, ta yi NIN da sunan miji. Ranar haihuwa kuwa, da yawan waɗanda aka haifa kafin takardar asibiti ta yaɗu ɗaya ga Janairu aka rubuta musu, shekarar kuma ta danganta da abin da aka rantse a kai a kotu ranar da buƙata ta taso. Kwamfuta ba ta san Habu da Abubakar mutum ɗaya ba ne. Ta ga harafi ya bambanta sai ta ce bai dace ba, daga nan sai zirga-zirga tsakanin kafe da ofishin NIMC da kotu, ga gyaran ranar haihuwa da kuɗinsa ya haura naira dubu 28 tun 2025. Mai sayar da atamfa da ya zo yin rajista don banki ya matsa masa, shi ke shan wannan wahalar. Wanda ya zo da niyyar ɓoye dukiya kuwa takardunsa tsaf suke, domin ya biya lauya ya tabbatar da haka.

A nan ne maganar take. Daidaita suna da NIN na tabbatar da cewa mutumin da aka ambata yana raye ko ya taɓa rayuwa. Ba ya tabbatar da cewa shi ya kawo kansa, balle ya tabbatar da cewa kamfanin nasa ne.

A ɗauki na farko. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100. A 2025 EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke bin mutane suna sayen NIN da BVN ɗinsu a kan naira 1,500 zuwa 2,000. A unguwanninmu ba sai an kai ga saye ba ma. A ce za a raba tallafi ko taki, a ga yadda mutane ke miƙa kwafin katinsu ga wanda ba su san ko sunansa ba. Manomi a ƙauye na iya zama darakta a kamfanin da ke da ofis a Abuja, lambarsa ta gaske, sunansa daidai harafi da harafi, shi kuwa bai taɓa wuce Zariya ba. Wannan ramin ana iya toshe shi da fasaha, ta hanyar aika saƙo zuwa layin da ke haɗe da NIN ɗin, ko a sa mutum ya nuna fuskarsa a kyamara lokacin rajista. Denmak ta daɗe tana haɗa rajistar kamfanoninta da rajistar 'yan ƙasa da ta adireshi, ta yadda mamaci ko gidan da babu shi ba za su wuce ba.

Na biyun ne fasaha ba ta iya masa. Babban mutum ya kira direbansa, ko ƙanin matarsa, ko yaron da ya taso a gidansa, ya ce, “Kawo NIN ɗinka, zan sa ka a wani kamfani.” Yaron ya ce, “To, ranka ya daɗe,” har da godiya. In an aiko saƙo a waya shi zai karanto lambar. In an ce ya tsaya gaban kyamara zai tsaya ya yi murmushi. A fom ɗin masu iko an rubuta shi ke da kashi 100, kuma duk wani rumbun gwamnati da za a tuntuɓa zai amsa cewa lallai akwai wannan mutumin. Babu ƙarya ko ɗaya a takardar sai guda, ita ce kuma duka abin da aka kafa rajistar don a sani. Littafin ceki na aljihun maigida, wayar da ake samun sanarwar shigar kuɗi ma tasa ce, ƙila kuma akwai takardar miƙa hannun jari da yaron ya sa wa hannu ba kwanan wata, tana ajiye a durowar lauya.

Kada a ɗauka duk wanda ya yi haka ɓarawo ne. Kasuwancin Kantin Kwari da Singa da Dawanau a kan amana ya tsayu tun kafin a san CAC. Maigida ya ba yaronsa shago da jari, kowa a layin ya san na wane ne, ba a rubuta komai ba. Da aka zo zamanin rajista sai aka ɗauko wannan ɗabi'ar aka zuba a fom. Ita ma tsohuwar dokar ta taimaka, domin ta ce kamfani sai da aƙalla mutum biyu, don haka wanda shi kaɗai ke da dukiyarsa sai ya cike gurbi da sunan uwargida ko babban ɗa ko akawunsa. CAMA ta 2020 ta halasta kamfanin mutum ɗaya, amma dubban tsofaffin fayiloli na nan yadda aka cike su, wasu da sunayen waɗanda suka daɗe da rasuwa. Da yawa ba sa ma kai bayanan shekara-shekara, abin da ya sa CAC ta yi ta fitar da jerin kamfanonin da za ta soke.

Kuma sau da yawa mai dukiyar ne ko iyalinsa ke fara kwasar kashinsu a hannu. Alhaji ya rasu, an yi sadakar uku an yi ta bakwai, an zauna rabon gado. Kowa ya san masana'antar shinkafar tasa ce, amma takardar CAC ta ce kashi 60 na wani ɗan ɗakinsa ne. In mai tsoron Allah ne ya mayar, shi ke nan. In ya ce ai kyauta marigayi ya ba shi, to magada sun shiga uku. Alƙalin kotun shari'a zai raba abin da ya tabbata na mamaci ne, amma jayayya kan harkokin kamfani a ƙarƙashin CAMA hurumin Babbar Kotun Tarayya ce, can kuwa rajistar masu hannun jari ita ce hujjar farko, sai wanda ya musanta ta ya kawo tasa. Marayu da zawarawa ne za su nemo shaidar maganar da aka yi a zaure shekara ashirin da suka wuce. Abin mamaki ne al'ummar da ta san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ta riƙa ɗaukar rubuta amana a matsayin rashin yarda.

To ina ƙaryar ke fitowa, in NIN ba ya kama ta? Tana fitowa ne idan aka jera bayanan ofisoshi daban-daban kusa da juna. Mutumin da CAC ta ce shi ke da kamfanin da ya karɓi kwangilar biliyan biyu, me ya biya na harajin kansa bara? Wa ke sa hannu a asusun kamfanin, kuma ina kuɗin ke nufa kwana biyu bayan sun shigo? Kamfanoni uku da suka fafata neman kwangila ɗaya, kowanne da satifiket ɗinsa da takardar haraji da ta PenCom da ta ITF, me ya sa lambar wayarsu ɗaya, adireshinsu shago ɗaya, lauya ɗaya ya yi musu rajista a mako ɗaya? Ɗalibi ɗan shekara 22 da ke darakta a kamfanoni talatin fa? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba hujjar laifi ba ce, amma in biri ya yi kama da mutum ya kamata wani ya ɗaga waya ya yi tambaya. Bayanan duk suna hannun gwamnati: na CAC, na hukumar haraji, na BPP mai kula da kwangiloli, na ofishin lasisin ma'adinai, na NFIU da ke karɓar rahoton mu'amalar da bankuna suka yi shakka a kanta. A Ingila tun 2020 doka ta tilasta wa bankuna da lauyoyi da akantoci su sanar da ofishin rajista idan abin da suka gano game da mai kamfani ya saɓa da abin da ke rajista, domin banki ya fi kowa sanin wanda ke zuwa in kuɗi sun maƙale.

Akwai kundi ɗaya da ya fi kowanne amfani a wannan aikin, shi ne kuma aka fi kullewa. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci in ba noma ba, ya kuma wajabta masa bayyana kadarorinsa da na 'ya'yansa da ba su kai 18 ba ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, CCB. Da za a ɗora waɗannan fom-fom a kan rajistar CAC da jerin waɗanda suka ci kwangila, da an ga abubuwa. Amma hukumar ta sha ƙin bai wa 'yan jarida da ƙungiyoyi irin su SERAP, tana cewa Majalisar Tarayya ba ta shimfiɗa sharuɗɗan nunawa ba. Waɗanda ake jira su shimfiɗa sharuɗɗan kuwa su ma nasu fom ɗin na cikin durowar. Wato an buɗe wa jama'a rajistar da ke nuna sunan direba, an rufe wadda za ta nuna wa yake tuƙawa.

Shi kansa kundin gwamnati ba wahayi ba ne. Mohammed Abacha ya daɗe yana ƙorafi, har gaban kotu, cewa an sauya takardun Malabu a CAC an cire sunansa ba da saninsa ba. Ko me mutum ke gani game da yadda ya samu hannun jarin tun farko, ƙorafin ya nuna cewa fayil ɗin da ake auna gaskiya da shi ma ana iya taɓa shi. Komawa kwamfuta ya rage ɓatan fayil, amma amfaninsa na gaske sai in kowane sauyi na barin sawu: wa ya shigar, yaushe, da izinin wa, kuma an sanar da wanda aka cire kafin a cire shi. Mai sayen kamfani ko mai shiga haɗin gwiwa da ya tsaya ga hoton satifiket da aka turo masa ta WhatsApp ya yi sakaci. Lambar rajistar kamfanin, wato RC, ake ɗauka a duba a shafin hukumar, a nemi rahoton matsayin kamfani na yanzu, wanda ya maye gurbin tsofaffin fom ɗin CAC 2 da CAC 7, a ga su wa ke ciki yau, ba su wa ke ciki ranar da aka buɗe ba.

Ƙasar da, a ganina, ta fi kusantar maganin matsalar direba ita ce Slofakiya, kuma ba da wata manhaja ta yi ba. Tun 2017 duk kamfanin da ke son kwangila ko kuɗin gwamnati mai kauri sai ya shiga wata rajista ta musamman, kuma ba shi zai shigar da kansa ba. Sai lauya ko banki ko mai binciken kuɗi ya bincika ya sa hannu cewa ga ainihin masu shi, in ta tashi ƙarya shi ma da nasa kason hukuncin. Kowane ɗan ƙasa na iya kai ƙorafi kotun da ke riƙe da rajistar, a birnin Zilina, kuma da zarar kotu ta ga ƙorafin na da tushe, kamfanin ne zai kawo hujjar cewa abin da ya rubuta gaskiya ne. In ya kasa, a ci shi tara, a cire shi daga rajistar, gwamnati kuma na iya janyewa daga kwangilar. Daga wannan rajistar ce a 2018 reshen Transparency International na Jamhuriyar Cek ya gano sunan firaministansu, Andrej Babis, a cikin masu cin moriyar rukunin kamfanonin Agrofert, bayan ya ce ya miƙa su ga amintattu. Binciken Tarayyar Turai ya biyo baya ya ce lallai akwai cin karon muradu.

Najeriya na da abin da za ta fara da shi. Sashe na 862 na CAMA ya tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya shigar da bayanin ƙarya da gangan, kuma galibin manyan kamfanoni ta hannun lauyoyi da akantoci da sakatarorin da CAC ta amince da su suke shigar da takardunsu, kowanne da lambarsa a hukumar. An san wanda ya cike kowane fom. Ba sai an bi miliyoyin masu POS da masu shagon kati da aka tilasta wa rajista a 2024 ba. Kamfanonin da ke karɓar kwangilar gwamnati da lasisin mai da na ma'adinai ba su da yawan da za su gagari bincike ɗaya bayan ɗaya, kuma wakilin da ya san lasisinsa na kan layi zai tambayi maigida tambayar da direba ba zai taɓa iya yi masa ba.